Labarin Karinyan, Inabin da Ya Mamaye Gonakin Aljeriya

Da za a tara mutane a tambaye su wace ƙasa ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi zuwa waje a cikin shekarar 1960, da yawancinsu Faransa za su ambata, waɗansu kuwa su ce Italiya ko Sifen. To, duk ba su ba ne. Aljeriya ce, ƙasar nan ta Musulmi wadda ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen arewa. A shekarar nan abin da ta fitar ya fi na Faransa da na Italiya da na Sifen in an gama su wuri ɗaya, kuma ita ce ta huɗu a duniya wajen yawan giyar da ake matsa. Alhali kuwa cikin kowane mutum goma na ƙasar, tara Musulmi ne, waɗanda addininsu ya hana su ko da ɗanɗana ta.

Yadda aka yi haka ta auku, da irin wuyar da Aljeriya ta sha wajen kwance wannan ƙulli bayan ta sami mulkin kanta, shi ne abin da filin nan zai duba a wannan mako. Ba yabon giya aka zo yi ba. Hukuncinta a fili yake cikin Suratul Ma'ida, shi kuwa inabi ɗan itace ne mai albarka, Alƙur'ani ya ambace shi wurare da dama cikin ni'imomin Ubangiji. Magana ce ta gona da kasuwa, da yadda wanda ke saye shi kaɗai kan riƙe wuyan mai sayarwa. A tsakiyar labarin kuwa akwai wani irin baƙin inabi wanda Faransawa ke kira Karinyan.

Masana itatuwa sun fi karkata ga cewa asalinsa daga lardin Aragon yake, a arewa maso gabashin Sifen. A can akwai wani ƙaramin gari da ake kira Karinyena, kudu da birnin Saragosa, wanda Musulmin Andalus suka riƙe har zuwa 1118 suna kiransa Saraƙusta. Sunan ƙaramin garin nan ne ya bi itacen har Faransa. Amma kamar falke, duk ƙasar da ya sauka sai a raɗa masa sabon suna. A lardin Riyoha na Sifen Masuwelo ake ce masa, a Kataloniya Samso, a tsibirin Sardiniya kuwa, wanda sarakunan Aragon suka fara ci da yaƙi a 1323, sai ya koma Karinyano. Wani abin dariya, a garin da ya ba shi suna yanzu ba shi ne ya fi yawa ba, wani iri da ake kira Garnaca ya daɗe da ture shi.

Halinsa ne ya jawo masa farin jini, halin nan ne kuma ya jawo masa baƙin jini daga baya. Itace ne ƙaƙƙarfa, rassansa a miƙe suke fitowa, saboda haka ba ya bukatar a kafa masa turaku ko a ja masa waya, sai dai a datse shi gajere ya tsaya da ƙafarsa. Ba ya saurin toho bayan hunturu, don haka sanyin ƙarshe da kan ƙone sabon ganye ba ya cika tarar da shi. Amma kuma ba ya saurin nuna, sai a inda rana ke da zafi, kwanakin zafin kuma suke da tsawo, watau gaɓar Bahar Rum da makamantanta. Yana jure fari, yana jure iska. Nonnansa manya ne, 'ya'yan a cunkushe, fatarsu da kauri. Ruwansa ja ne mai duhu, ga tsami, ga bauri. Ba irin inabin da ake sa wa baƙo a faranti ba ne.

Lahaninsa biyu ne. Na ɗaya, wata farar fumfuna da kan lulluɓe ganye da 'ya'ya kamar an barbaɗa gari tana sonsa ƙwarai, sai manomi ya yi ta binsa da garin farar wuta. Na biyu, wutsiyar nonon tauri gare ta, ba ta tsinkewa sai da wuƙa, saboda haka girbinsa aikin hannu ne, hannuwa kuwa masu yawa. Amma duk wannan ba ya hana manomi sonsa, domin in an dasa shi a ƙasa mai danshi aka sake masa, hekta guda, watau eka biyu da rabi, tana iya ba da lita 20,000. Gangar mai 100 ke nan cike fal daga fili guda wanda bai wuce filin ƙwallo ɗaya da rabi ba.

Ƙwaron da ya zo daga Amurka

Faransawa sun ci birnin Aljiyas a 1830. Kafin zuwansu akwai inabi a ƙasar tun zamanin Rumawa, amma yawancinsa na ci ne da na busarwa a yi zabibi. Ko bayan zuwan nasu, an yi shekara 50 noman inabin giya bai taka kara ya karya ba, alkama ce abin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka fi sa wa ido. Abin da ya juya al'amarin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, dangin darɓa, wanda ake kira filoksera. A jikin dashen da aka kawo daga Amurka ya shigo Turai. Ba ganye yake ci ba, saiwa yake tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, sai a ga itace ya yi yaushi, bayan shekara biyu ko uku ya bushe. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa wajen 1863, ba a gane shi ne mai laifi ba sai a 1868, sa'ad da wani malamin jami'ar Mompeliye mai suna Planshon ya tono saiwa ya gan shi. A 1875 Faransa ta matsa giya lita miliyan 8,450. A 1889 abin da ta samu bai wuce lita miliyan 2,340 ba.

Ga mutanen da giya ta zama musu kamar ruwan sha, wannan babbar masifa ce. Sai idon hukuma ya koma ƙetaren teku, inda ƙwaron bai kai ba tukuna. Manoman kudancin Faransa da suka tsiyace suka riƙa shiga jirgi zuwa Aljeriya, suna ɗauke da dashen da suka saba da shi, Karinyan a kan gaba. Banki ya buɗe musu ƙofar rance. Ƙasa kuwa ba ta yi musu wuyar samu ba, domin an riga an ƙwato ta daga hannun masu ita. Bayan tawayen Shaihu Muƙrani na 1871, hukumar Faransa ta ƙwace kusan hekta rabin miliyan ta ce horo ne, sa'an nan wata doka ta 1873 ta wargaza gonakin da dangi ke riƙe da su tare, ta mai da su abin sayarwa gutsure-gutsure. Ƙwaron ya iso Aljeriya a 1885, amma kafin ya yi nisa an riga an san maganinsa, watau a yi wa inabin Turai aure a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro.

Da fari giyar takan lalace, domin zafin ƙarshen bazara kan tsai da tsiminta kafin ya kammala, sai ta koma ruwan tsami. Da aka samo dabarar sanyaya tankuna a ƙarshen ƙarni na 19, sai hanya ta buɗe. Gonakin inabi da ba su fi hekta 25,000 ba a 1880 suka kai wajen hekta 400,000 a tsakiyar shekarun 1930, a shekara mai kyau kuma akan matsa kusan lita miliyan 2,000. Mafi yawansu a yamma suke, a jihar Oran, wajen Ain Temushent da Mostaganem da Sidi Bel Abbas da Maskara. Maskarar nan kuwa ita ce ƙasar Amir Abdulƙadir, malamin nan na ɗariƙar Ƙadiriyya wanda ya yi shekara 15 yana yaƙi da Faransawa kafin ya miƙa wuya a 1847. Duwatsun da ya tara mayaƙansa a kai, su ne suka zama sunan da ake bugawa a jikin kwalabe.

Me Faransa ke yi da wannan tulin giya? Sirki. A kwarurukan kudancin Faransa, bayan an ci ƙarfin ƙwaro, manoma sun cika gonakinsu da wani iri mai suna Aramon, wanda ya fi Karinyan ma yawan 'ya'ya, amma ruwansa tsararo ne, ba launi, abin da ke bugarwa a cikinsa bai wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba. Ita kuwa ta Aljeriya, da rana ta gasa, takan kai kashi 12 ko 13, ga duhun launi. Sai dillalai a tashoshin jiragen ruwa irin su Set da Marsai da Ruwan su gauraya su, su sayar wa leburori da ma'aikatan ma'adinai da sojoji. Su da kansu sukan kira ta Aljeriya giyar magani, domin ita ke ta da mara lafiya. Ba a biyan kuɗin fito, domin a dokar Faransa tun 1848 Aljeriya ba ƙasar waje ba ce, jihohi uku ne na Faransa. Har jirage na musamman aka ƙera masu tankuna a cikinsu, ana ɗura musu giya da famfo kamar yadda ake ɗura man fetur.

Shi kuwa Ba'aljeriye, rabonsa a ciki lebaranci ne. Ƙasar da kakansa ke shuka alkama da sha'ir, ko yake kiwon tumaki, ita ce yanzu yake shiga da fartanya da almakashi, ya yi sassabe cikin hunturu, ya barbaɗa farar wuta da bazara, ya yi girbi a ƙarshen Agusta, a biya shi ladan yini. Gonakin kusan duk na Turawa ne, ribar tasu ce, abin da ake matsa kuma ba zai shiga gidansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma fa dole a faɗi gaskiya ɗaya mai ɗaci, domin ita ce ta zama ƙashin wuya daga baya: hekta guda ta inabi tana cin ranakun aiki ninkin ba ninkin na hekta guda ta alkama. Saboda haka itacen da ya raba talaka da gonarsa, shi ne kuma ya zama kusan hanya ɗaya tak da yake samun abin sayen burodi.

Manoman kudancin Faransa su ma ba su ji daɗin abin ba. Da gonakinsu suka farfaɗo, ga ta Aljeriya tana kwarara, ga 'yan algus suna haɗa giyar ƙarya da sukari da ruwa, sai farashi ya faɗi warwas. A 1907 suka tashi, wani mai ɗan shagon shan gahawa a ƙauyen Arjeliye mai suna Marselan Alber yana gabansu. Ran 9 ga watan Yuni mutum fiye da 500,000 suka taru a Mompeliye. Firayim Minista Kilemanso ya aika da soja, aka harbe mutum shida a Narbon cikin kwana biyu, wata rundunar soja ta 'ya'yan lardin kuma ta yi bore, aka kwashe ta aka kai Gafsa ta ƙasar Tunisiya. Shi Alber ya tafi Faris ya gana da Kilemanso, wanda ya ba shi faran 100 kuɗin jirgin komawa gida, sa'an nan ya sa labarin ya bazu. Da faran 100 ɗin nan aka kashe masa mutunci a idon mutanensa. Tun daga lokacin wakilan kudu ba su daina neman a taka wa giyar Aljeriya birki ba, har aka yi dokar 1931 wadda ta ƙayyade sabon dashe. Amma muddin Aljeriya na cikin Faransa, ba yadda za a yi a rufe mata ƙofa.

Gādon da ba a roƙa ba

Yaƙin neman 'yanci ya fara ran 1 ga Nuwamba 1954, mayaƙa kuma ba su rasa sanin inda dukiyar abokin gaba take ba, sau da yawa gari kan waye a tarar an sare gonar inabi cikin dare. Ran 5 ga Yuli 1962 Aljeriya ta sami mulkin kanta. Cikin 'yan watanni Turawa fiye da 800,000 suka kwashe inasu-inasu suka ƙetare teku, suka bar gonaki da 'ya'ya suna nuna a kai. Leburorin da suka daɗe suna aiki a ciki su ne suka kafa kwamitoci suka yi girbin shekarar. A watan Maris 1963 gwamnatin Ahmad Ben Bella ta amince da wannan tsari, ran 1 ga Oktoba na shekarar kuma ta mai da sauran gonakin Faransawa hannun hukuma.

To, ga sabuwar ƙasa ta Musulmi ta gāji gonakin inabi hekta wajen 350,000, giya ita ce kusan rabin abin da take fitarwa na kuɗi, masu shanta a gida sun tafi, mai saye a waje kuwa mutum ɗaya ne, shi ne wanda aka gama yaƙi da shi jiya. A tumɓuke, dubban ɗaruruwan mutane su rasa aiki. A bari, ƙasar da ta zub da jini don ta dawo da addininta da harshenta ta ci gaba da zama babbar matsar giya ta duniya. Gaba kura, baya sayaki.

Faransa ta gane inda take riƙe da su. A 1964 aka yi yarjejeniya cewa za ta ci gaba da saye, tana ragewa kaɗan-kaɗan kowace shekara, don Aljeriya ta sami sukunin sake shiri. Ba ta cika alkawarin ba. Manoman kudu suka tasa gwamnatin Janar Digol gaba, suna tare hanyoyi suna fasa tankuna, a 1967 aka dakatar da shigo da giyar. Tankunan siminti na Oran da Mostaganem suka cika maƙil, ga sabon girbi yana tafe ba inda za a zuba shi. Shugaba Huwari Bumadyan, wanda ya karɓi mulki a 1965, ya juya wajen Tarayyar Sobiyet. Rashawa suka yarda su riƙa ɗaukar kimanin lita miliyan 500 a shekara daga 1969, amma a farashin da bai kai na Faransa ba ko kusa, cinikin kuma na musayar kaya ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. A 1970 kuma Kasuwar Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta giya, wadda ta hana a sirka giyar ƙasashenta da ta waje. Ita kuwa ta Aljeriya, tun farkonta don sirki aka yi ta.

Ƙarshen tika-tika ya zo ne ta hanyar man fetur. Ran 24 ga Fabrairu 1971 Bumadyan ya ba da sanarwar cewa ƙasarsa ta karɓe kashi 51 cikin 100 na kamfanonin man Faransa da ke aiki a Sahara, da iskar gas baki ɗaya. Faransa ta ƙaurace wa man, ta kuma sake ɗaga sandar giya. Bumadyan ya ga cewa muddin itacen nan na tsaye, sandar tana nan. Sai ya ba da umurni a shiga tumɓuke shi. Katafila da tarakta suka shiga gonaki, aka ce a shuka alkama da abincin dabbobi, a dasa lemo da sauran itatuwa. Daga nan noman bai sake miƙewa ba. Zuwa farkon ƙarnin nan, ƙasar da ta taɓa matsa lita miliyan 2,000 ba ta ko kai miliyan 100 a shekara.

Ba mai hankalin da zai ga laifin mutumin da ya ƙi a ci gaba da ja masa akala. Amma in za a yi adalci, gaggawar da aka yi ta bar baya da ƙura, kuma ba manyan birni ne suka shaƙe ta ba. Tuddan yammacin Aljeriya ƙarancin ruwan sama gare su. Karinyan, da saiwarsa mai nitsewa can ƙasa, yakan rayu a inda alkama ba ta yi sai shekara ta yi kyau. Da aka cire shi daga gangara, aka bi da garma, sai ruwan sama ya riƙa kwashe ƙasar yana kaiwa kwari. Alkamar da aka shuka ba ta bukatar hannuwan da inabi ke bukata, sai leburori suka nufi gefen Oran da Aljiyas, waɗansu kuma suka hau jirgi zuwa Faransa ɗin dai, neman aiki a ma'aikatun motoci da wuraren gine-gine. Inda aka bi a hankali, aka maye gurbinsa da inabin ci, abin ya fi kyau, kuma yanzu inabin ci shi ne ya fi yawa a gonakin ƙasar. Sai dai wannan aiki ne na shekaru, shi kuwa fushin siyasa ba ya jiran itace ya girma.

Abin da ya ci Doma

A ɗaya gefen teku kuwa, Karinyan ya sami sarauta. Tun sanyin watan Fabrairu 1956, wanda ya kashe gonaki masu yawa, hukumar Faransa ke ba manoman kudu shawara su bar Aramon su dasa shi. Da giyar Aljeriya ta yanke, sai ya zama shi ne zai cike gurbin, Turawan da suka dawo daga can kuma sun san shi ciki da bai. Aka cika kwarurukan Langidok da shi, ana tatsarsa iyakar abin da zai iya bayarwa. Zuwa 1988 ya mamaye hekta 167,000, ba wani irin inabi da ya kai shi yawa a Faransa duka.

Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kofar da aka rufe wa Aljeriya, Italiya ce ta shigo ta cikinta da giya mai araha, kuma ita ba dama a kore ta, domin 'yar Kasuwar Tarayyar Turai ce. Bugu da ƙari, Faransawa kansu suka fara rage sha. A farkon shekarun 1960 abin da kan faɗo wa kowane mutum a shekara ya fi lita 100, yanzu bai kai 50 ba. Don mai karatu ya san inda aka fito, sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu. Kaya ya yi kwantai, rikici ya tashi. A watan Agusta 1975, a Aleriya ta tsibirin Korsika, 'yan kishin tsibirin suka mamaye matsar giyar wani Bature da ya dawo daga Aljeriya, aka kashe jandarmomi biyu. Ran 4 ga Maris 1976, a gadar Montredon kusa da Narbon, manoma da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa juna wuta, manomi ɗaya da kwamanda ɗaya suka mutu. A ƙarshe Kasuwar Tarayyar Turai ta shiga biyan manoma kuɗi don su tumɓuke gonakinsu, watau abin da Bumadyan ya yi da umurni, su suka yi shi da lada. Zuwa shekarar 2000 Karinyan ya ragu zuwa wajen hekta 95,000, wani iri mai suna Marlo ya karɓe masa kambi, bayan shekara 10 kuma ya sake raguwa da kusan rabi.

A shekarun nan ba irin zagin da masana giya ba su yi masa ba. Aka ce ba shi da ƙamshi, ba shi da daraja, shi ne ya zub da mutuncin kudancin Faransa. Wannan kuwa ɗora wa jaki laifin kaya ne. Itace ba ya dasa kansa a fadama, ba ya kuma tilasta wa kowa ya tatsi lita 20,000 daga hekta guda. Shaida ta zo daga inda ba a zata ba. A kan duwatsun Piriyorat na Kataloniya akwai tsofaffin itatuwa, waɗansu sun haura shekara 80, waɗanda suka tsira don kawai gangarar ta fi ƙarfin tarakta, masu su kuma tsofaffi ne da 'ya'yansu suka gudu birni. Irin waɗannan da ƙyar itace guda ke ba da kilo ɗaya. Daga 1989 waɗansu samari suka fara matsa su a keɓe, sai ga masu zagin jiya suna rububin saye da tsada. Haka ya faru a kudu maso yammacin Sardiniya, inda yake tsiro cikin rairayin bakin teku a kan saiwarsa ta asali ba tare da aure ba, domin filoksera ba ya rayuwa a yashi. Haka kuma a kwarin Maule na ƙasar Chile, inda aka dasa shi bayan girgizar ƙasa ta 1939 aka manta da shi.

Aljeriya ba ta cikin wannan sabuwar kasuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Har yanzu akwai ragowar tsofaffin gonaki a wajen Ain Temushent da Maskara da Tilimsan, ana kuma ganin kangayen matsa a ƙauyukan jihar, da manyan tankunansu na siminti babu kome a ciki. Gurbin da giya ta bari a cikin kuɗin shiga, man fetur da gas ne suka cike shi, su ne yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa. Alkamar da aka tumɓuke inabi dominta kuwa ba ta taɓa isar jama'a ba. Aljeriya na cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama a duniya, a 'yan shekarun nan tan miliyan 7 ko fiye a shekara, kuma har zuwa wajen 2020 Faransa ce babbar mai sayar mata, kafin Rasha da ƙasashen Bahar Aswad su shigo kasuwar. Mafi yawan alkamar Faransa daga tashar Ruwan ake lodinta, a bakin kogin Sen. A tashar nan ce aka gina wani katafaren sito a 1950, wanda ba kamarsa a Turai a zamanin, musamman don sauke giyar da jirage ke kawowa daga Oran da Aljiyas. An daɗe da rufe shi, manyan rumbunan hatsi ne ke aiki a kusa da shi.